Diyyar Wanda Ya Ji Rauni Wurin Aiki

Jama'ar Gaya da Ajingi, ku saurara. A da, in mutum ya tafi lebura Kano, ko haƙar kuza Jos, ya rasa hannu, sai ya komo gida a ce ƙaddara ce. A 1941 Gwamnati ta kafa dokar diyya, amma ubangidan aiki ke biya da kansa. Aka sāke dokar a 1987. Tun 2010 kuwa, ubangida ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, daga can diyya ke fitowa. Ba a yankar ko kwabo daga ladan lebura.

To, wanda ya ji rauni ya sanar da ubangidansa kafin kwana 14 su wuce. Katin asibiti kuma a adana shi, gama shaida ne.