Burodin Talaka: Yadda Yajin Aiki Ya Haifi Abincin Birnin New Orleans

Galibin sanwicin da suka yi suna a ƙasar Amurka ba daga fadar masu hali suka fito ba. Abinci ne na baƙin haure da ƴan ƙwadago, masu ci a tsaye su koma bakin aiki. Mafi bayyanar misali shi ne wanda ake kira po' boy, wato “yaro talaka”, na birnin New Orleans.

Faransawa ne suka kafa birnin a shekarar 1718, kuma ko bayan da Napoleon ya sayar wa Amurka yankin Luwiziyana a 1803, al'adar dogon burodi ba ta gushe ba. Wanda ya saba da burodin Yamai ko na Maraɗi zai gane danginsa, sai dai na can ya fi taushin ciki, ɓawonsa kuma ya fi siranta.

Ranar 1 ga watan Yuli na 1929, ma'aikatan taragon lantarki na birnin suka shiga yajin aiki. Kamfani ya ɗauko wasu daga nesa don su maye gurbinsu, jama'ar gari kuwa suka goyi bayan masu yaji, har aka ƙona tarago a tsakiyar birni. A cikin wannan hali ne Bennie da Clovis Martin, wa da ƙane, waɗanda su ma tsofaffin ma'aikatan tarago ne kafin su buɗe gidan abinci a kasuwar French Market a 1922, suka yi alkawarin ciyar da ƴan ƙungiyar kyauta. An ruwaito cewa duk sa'ad da mai yaji ya tunkaro, sai su ce ga wani yaro talaka nan tafe. Sunan ya bi abincin.

Akwai wata dabara da ta fi sunan muhimmanci. Burodin Faransa yana da tsini a bakinsa biyu, abin da ke jawo asara wajen yanka. Sai mai gidan burodi John Gendusa ya gasa musu wani mai kusan mita 1, kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, don kowane rabo ya zo daidai. A ciki akan zuba naman sa da romonsa, ko soyayyen jatan lande, ko kuma, in aljihu ya yi sanyi, dankalin Turawa da romo kawai.

Masana tarihi na jan hankali cewa tun a ƙarni na 19 mutanen birnin ke cusa soyayyar kawa cikin burodi. Ke nan ƴan gidan Martin ba ƙago abincin suka yi ba. Suna suka raɗa masa, suka haɗa shi da gwagwarmayar ma'aikata. Masu yajin dai ba su sami biyan bukata ba, kuma a watan Oktoba na wannan shekara kasuwar hannayen jari ta New York ta rushe, masu neman burodi mai araha suka ƙaru a faɗin ƙasar.