Komawa Tsohuwar Siga: Tarihin Wata Al'ada ta Masu Rubuta Manhaja a Yamai

Komawa tsohuwar siga shi ne mai rubuta manhaja ya cire sabon injin da ke gudanar da shirinsa ya mayar da na baya, sannan ya bi manhajar da ke sauko masa da ƙunshe-ƙunshen da shirin ya dogara da su, ita ma ya mayar da ita baya. A yau an fi yin haka da Node.js da abokiyar tafiyarsa npm, sai kuma Python da pip. A Yamai wannan al'ada ta girmi Node.js kansa, domin tun kafin a ji sunansa masu gyaran kwamfuta na birnin sun saba da sauke sabon tsari su ɗora tsoho don na'ura ta yi aiki.

Tushen abin yana cikin yadda kwamfuta ta shigo Nijar. A farkon shekarun 1990 cibiyar bincike ta Faransa, ORSTOM, tana da hanyar aika wasiƙun lantarki mai suna RIO wadda ta haɗa Yamai da wasu biranen Afirka ta layin tarho. A 1996 aka yi rajistar adireshin ƙasar, .ne, kuma kamfanin Sonitel ya buɗe wa jama'a intanet a wannan tsakanin. Shagunan intanet da suka bazu a unguwanni bayan shekarar 2000 sun tsaya ne a kan kwamfutocin da aka riga aka yi amfani da su a ofisoshin Turai, waɗanda ake saukewa a tashoshin ruwan Kwatano da Lome, a ɗoro su a manyan motoci su yi tafiyar kilomita dubu ko fiye, su ƙare a shagunan kewayen Babbar Kasuwa da Katako. Na'urar da ta iso ta wannan hanya ta riga ta ba wa shekaru da dama baya, alhali manhajar da ake fitarwa a Amurka ana auna ta ne da na'urar bana.

Saɓanin ya fito fili a Janairun 2007, da Microsoft ya fitar da Windows Vista. Tsarin ya yi wa ƙananan na'urori nauyi, ya ƙi yin aiki da firintoci da yawa, har kamfanin Dell ya dawo da sayar da kwamfuta mai Windows XP cikin watanni kaɗan saboda koken masu saye. Lasisin wasu nau'o'in Vista ma ya ba wa mai shi damar komawa XP a hukumance. Idan haka ta faru a ƙasashen da ake ƙera na'urorin, to a Yamai abin ya fi ƙarfi: faifan XP ya zama kayan aikin kowane mai gyara, kuma tsarin ya ci gaba da zama a ofisoshi da makarantu har bayan 8 ga Afrilun 2014 da aka daina kula da shi. A nan aka koyi neman direban da ya dace da tsohuwar na'ura, da adana fayil ɗin girkawa a faifai ko a filasha don kada a sake kashe kuɗi da sa'o'i wajen sauko da shi.

Node.js ya zo daga baya. Ryan Dahl ya gabatar da shi a wani taro a Barlin a Nuwamban 2009, da nufin a riƙa gudanar da harshen JavaScript a wajen burauza. A farkon 2010 Isaac Schlueter ya fitar da npm, kuma daga ƙarshen 2011 aka fara haɗa su a fayil ɗin girkawa guda. A shekarar 2010 ɗin nan Tim Caswell ya rubuta nvm, ƙaramin shiri da ke ba mutum damar ajiye sigogin Node.js da yawa a kwamfuta ɗaya ya riƙa sauyawa tsakaninsu. Wato kayan komawa baya kusan tare aka haife su da injin, domin a wancan lokaci sabuwar fitowa kan karya abin da aka rubuta watanni kaɗan da suka wuce. Masu amfani da Windows sun jira har 2014 kafin Corey Butler ya fitar da nvm-windows, wanda shiri ne daban duk da kamar suna.

A ƙarshen 2014 rigima kan jan ƙafar da ake yi wajen sabunta Node.js ta sa wasu suka ɓalle suka kafa io.js. An sasanta a Satumban 2015 da fitowar Node.js 4, kuma daga nan aka kafa jadawalin da ya daɗe yana juya rayuwar masu sana'ar: babbar siga duk wata shida, masu lambar da ta rabu biyu su fito a Afrilu, su shiga kulawa ta dogon zango a Oktoba, a kula da su na wata 30 daga nan. Ga kamfanin da ke da ma'aikata masu sabunta manhaja kullum, wata 30 ya isa. Ga shafin wata ƙungiya ko manhajar rajistar wata makaranta, da aka biya kuɗinta sau ɗaya daga kasafin wani shirin tallafi kuma ake sa ran ta yi shekara bakwai ko takwas, wannan wa'adi gajere ne ƙwarai. Wannan lokaci kuma shi ne wanda rubuta manhaja ya fara zama sana'ar matasa a Yamai, da buɗe cibiyar rainon ƙananan kamfanoni ta CIPMEN a 2014, da kafa hukumar ANSI a 2017, da ɗaliban da Jami'ar Abdou Moumouni da makarantu masu zaman kansu ke yayewa.

Dalilan da ke tilasta komawa baya sun taru ne ɗaya bayan ɗaya. Na farko na'ura ce. An daina kula da Windows 7 a 14 ga Janairun 2020, kuma Node.js 14 da ya fito a Afrilun shekarar ya ƙi girkuwa a kansa. Duk wanda kwamfutarsa ke kan wannan tsari sai ya tsaya a siga ta 12 ko ta 13.14. Haka Python 3.8 ya zama na ƙarshe da ke aiki a Windows 7, kamar yadda 3.4 ya zama na ƙarshe a XP. Ɗalibin da ya sayi tsohuwar kwamfutar cinya don koyo yakan ci karo da wannan tun ranar farko, kafin ya rubuta ko da layi ɗaya.

Na biyu shi ne tsofaffin ayyuka. A 2019 Node.js 12 ya hana Gulp 3 tashi. A Oktoban 2020 npm 7 ya zo da sabuwar hanyar tantance ƙunshe-ƙunshen da ke buƙatar juna, sai ayyukan da suke girkuwa lafiya jiya suka fara tsayawa da kuskuren ERESOLVE. Mutane da yawa suka buga npm install -g npm@6 suka koma inda suke. Kuskuren da ya fi yaɗuwa ya zo a Oktoban 2021, da Node.js 17 ya koma kan OpenSSL 3. Webpack 4 yana amfani da tsohuwar dabarar lissafi ta MD4, wadda sabon OpenSSL ya kulle, don haka ɗimbin ayyukan React da Vue da aka gina a shekarun baya suka ƙi haɗuwa. Maganin da ya fi sauƙi shi ne komawa siga ta 16. Darussan bidiyo na Faransanci da matasan Yamai ke koyo da su sukan girmi sigar da mai koyo ya sauko da ita da shekara biyu ko uku, sai abin da malamin ya nuna a allo ya ƙi faruwa a gaban ɗalibin, kuma sau da yawa babu laifin ɗalibin ko kaɗan.

Akwai dalili na uku da ya fi shafar wurare irin Yamai, kuma ya cancanci a duba shi da kyau. Jakar node_modules, inda npm ke zuba ƙunshe-ƙunshen aiki ɗaya, tana iya kai ɗaruruwan megabait. Inda data ke da tsada, kuma wuta kan ɗauke a tsakiyar saukewa, musamman a watannin zafi da kuma bayan Agustan 2023 lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa kamfanin lantarki na Nigelec, hanya mafi hankali ita ce a kwafi jakar baki ɗaya a filasha daga kwamfutar abokin aiki. Amma wasu ƙunshe-ƙunshe, irin node-sass da bcrypt, suna ɗauke da ɓangaren da aka harhaɗa musamman don siga ɗaya. Kowace babbar siga tana da lambar shaida ta ciki: 72 ga Node.js 12, 83 ga 14, 93 ga 16, 108 ga 18. Idan jakar ta fito daga kwamfuta mai 83 aka sauke ta a mai 108, shirin zai tsaya ya nuna lambobin biyu. A nan sauko da fayil ɗin girka tsohon Node.js, wanda bai wuce 'yan megabait talatin ba, ya fi sake sauko da jakar gaba ɗaya araha nesa ba kusa ba. Lissafin kuɗi ne ke yanke hukuncin.

Aikin kansa yana da ƙa'ida. Kowace sigar Node.js tana zuwa da npm ɗinta: ta 14 da npm 6, ta 16 da npm 7 daga baya 8. Wanda ya taɓa sabunta npm da hannunsa a Windows yana da wani kwafi a jakar AppData, kuma wannan kwafi ba ya tafiya idan an cire Node.js. Sai a wayi gari da tsohon inji da sabuwar npm wadda ba ta san shi ba, misali npm 10 da ke buƙatar aƙalla Node.js 18.17. Gwani yakan duba node -v da npm -v kafin ya taɓa komai, ya share ragowar jakunkunan, ya girka sigar da yake so, sannan ya kula da fayil ɗin package-lock.json, wanda npm 5 ya kawo a 2017 kuma npm 7 ya sauya masa tsari. Idan mutum biyu a aiki ɗaya suna amfani da npm daban-daban, fayil ɗin zai yi ta sauyawa tsakaninsu ba tare da kowa ya nufa ba.

Wani lokaci komawa baya ita ce matakin tsaro. A Janairun 2022 mai ƙunshin colors ya lalata shi da gangan, aka shawarci kowa ya tsaya a siga ta 1.4.0. A Maris ɗin 2024 injiniya Andres Freund ya gano ɓoyayyar ƙofa a manhajar xz 5.6.0 da 5.6.1, kuma umarnin da aka ba duniya shi ne a koma sigar da ta gabace su. Sai dai zama a baya yana da nasa haɗarin, kuma shi ne wanda ba a cika faɗa wa mai aiki ba. An daina toshe ɓarakar Node.js 12 a Afrilun 2022, ta 14 a Afrilun 2023. Ta 16, wadda ta zama mafakar mutane da yawa, an rage mata wata bakwai aka rufe ta a 11 ga Satumban 2023, saboda OpenSSL 1.1.1 da take ɗauke da shi ya ƙare a ranar. Tsohuwar siga a kwamfutar ɗalibi ba ta da wata illa babba. A sabar da ke riƙe da sunayen marasa lafiya ko lissafin kuɗin jama'a kuwa, abin damuwa ne na gaske, kuma kwangilar da ba ta tanadi kuɗin kulawa bayan miƙa aiki ba ita ce ke haifar da shi.

A 'yan shekarun nan al'adar ta sauya kama. Maimakon cirewa da girkawa, ana ajiye ƙaramin fayil mai suna .nvmrc a cikin aiki, wanda ke ɗauke da lambar sigar da ake buƙata, ko a rubuta ta a sashen engines na package.json, ko a kulle aikin da injinsa cikin Docker, wanda ya fito a 2013, ko da yake shi ma yana cin data da ƙwaƙwalwar na'ura. Matsalar na'ura kuma ta sake dawowa: Windows 11 na 2021 yana neman TPM 2.0 da sababbin firosesa, kuma an daina kulawar yau da kullum ga Windows 10 a 14 ga Oktoban 2025. Kwamfutocin da ofisoshin Turai ke fitarwa saboda wannan sharaɗi suna cikin kayan da ke shiga kwantenonin da ke nufo Yammacin Afirka, waɗanda bayan rufe gadar Gaya da Malanville a 2023 suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso kafin su iso Yamai.