Dakota: Gidan Hayar da Ribar Keken Ɗinki Ta Gina

Wanda duk ya taso a garuruwanmu ya san keken ɗinki na Singer, baƙin nan mai rubutun ruwan zinariya da teloli ke takawa a bakin kasuwa. Ribar kamfanin da ke ƙera shi ce ta gina wani gidan haya a birnin New York na Amurka mai suna Dakota, wanda ya haura shekara 140 a tsaye, kuma har gobe attajirai na rububin samun ɗaki a cikinsa. Abin da ya ja hankalina gare shi ba tsadarsa ba ce. A lokacin da aka sa harsashinsa, zama a gidan haya abin kunya ne ga mai hali a birnin, kuma wannan gini na cikin waɗanda suka kawar da kunyar.

A New York ta shekarun 1870, mutumin da ya isa yana da gidansa shi kaɗai, ko da siriri ne, da ƙofarsa da ke fuskantar titi. Masu cunkushewa a bene ɗaya su ne talakawa da baƙin da jiragen ruwa ke saukewa daga Ayalan da Jamus, iyali guda a ɗaki biyu, wani ɗakin ma babu taga. Saboda haka a ce matar attajiri ta haɗa matakala da matar wani, ko ƙanshin miyar maƙwabci ya shigo mata falo, zubar da mutunci ne a wurinsu. A Paris kuwa manyan mutane sun daɗe da sabawa da irin wannan zama, shi ya sa da aka fara gwada shi a New York sai ake kiran gidajen da sunan Faransawa. Na farkonsu da ya yi suna shi ne gidan Stuyvesant, wanda Richard Morris Hunt ya zana, aka buɗe a 1870. Ya samu masu haya, amma masu kuɗin gaske ba su motsa daga gidajensu ba.

Sai ga Edward Clark. Lauya ne da ya fara da kare Isaac Singer a shari'o'in haƙƙin ƙirƙira, daga baya ya zama abokin kasuwancinsa, ya kuma shugabanci kamfanin bayan rasuwar Singer a 1875. Shi ne ya fito da tsarin sayar da keke a biya kaɗan-kaɗan tun 1856, dabarar da ta shigar da keken cikin gidajen da ba su taɓa mafarkin mallakarsa ba. Wato mutum ne da ya iya sa jama'a su karɓi abin da suke ganin ba nasu ba ne. Ya sayi fili a yammacin babban lambun nan na Central Park, a kan titi na 72, wurin da a lokacin filaye ne fetal da bukkoki da awaki suna kiwo. Mutane suka ce wauta ce. Shi kuwa ya ga abin da ba su lura da shi ba: jirgin ƙasa mai bin gada ya iso unguwar a 1879, kuma inda jirgi ya je, gari na biye da shi.

Akwai labarin da ake yawan bayarwa cewa an raɗa wa gidan suna Dakota ne don tsokana, wai nisansa da gari kamar nisan yankin Dakota ne da ke can yammacin ƙasar. Masu bin diddigin tarihin birnin sun fi karkata ga cewa Clark ne da kansa ke sha'awar sunayen sababbin yankunan yamma. A saman ginin, ta fuskar babbar ƙofa, an sassaƙa hoton kan wani ɗan asalin ƙasar, irin mutanen da sunan ya fito daga gare su.

Wanda ya zana gidan, Henry Hardenbergh, shekararsa 33 lokacin da aka fara aiki a 1880. Shi ne daga baya ya zana otal ɗin Plaza. A waje ya yi wa Dakota fuskar tsofaffin fadojin Jamus: tubali mai ruwan ɗorawa da dutse a kusurwoyi, rufi mai tsini da tagogi suna leƙowa daga cikinsa, baranda nan da can, sannan wani rami busasshe da ya kewaye ginin, an tsare shi da shingen ƙarfe mai siffofin dodanni. Ramin ba ado kawai ba ne, yana kai haske ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, yana kuma nisanta taga daga idon mai wucewa.

Amma hikimar gidan a ciki take, kuma Bahaushe zai gane ta da wuri, domin tsari ne na zaure da tsakar gida. Ƙofa ɗaya ce babba mai baka, tsayinta hawa biyu, faɗinta ya ishi keken doki ya shige da mutanensa ba tare da sun sauka a titi ba. Daga nan sai tsakar gida buɗaɗɗiya. A kowace kusurwa huɗu akwai mashiga da matakala da lifta nata. Hardenbergh ya guje wa dogon lungun nan mai ƙofofi a jere irin na otal, inda kowa ke ganin shige da ficen kowa. Idan ka fito daga lifta, ƙofofi kaɗan za ka tarar, sai ka ji kamar gidanka ne kai kaɗai. Sassa 65 aka yi tun asali, daga mai ɗaki 4 zuwa mai ɗaki 20, kuma babu biyu da suka yi kama da juna. Falo da manyan ɗakuna na kallon titi ko lambu, madafa da ɗakin cin abinci na kallon tsakar gida, iska na ratsawa ta fuska biyu. Tsayin rufin wasu ɗakunan ya kai ƙafa 14, an shimfiɗa daɓe da katako mai tsada.

Wurin da ya fi burge ni shi ne yadda suka yi da ƙara. Bangon hawan ƙasa ya kai kaurin ƙafa biyu, sannan tsakanin bene da bene aka zuba ƙasa, ƙasar nan dai da muka sani, don ta shanye takun na sama, ta kuma hana gobara tsallakawa. Maginanmu na gargajiya da ke yin soro da azara da jar ƙasa sun san wannan sirri tun kafin a haifi Hardenbergh. A lokacin gidan na da injin wutar lantarkinsa, da ɗumama ɗakuna daga tukunya ɗaya, da babban ɗakin cin abinci wanda ake iya aika wa mutum girki daga can har sashensa. A da akwai filin wasan tanis a bayansa.

Wannan jin daɗi a kan wuyan wasu ya tsaya. Barori na da matakalarsu da liftansu daban, gawayi da kayan miya da shara na bi ta ƙarƙashin tsakar gida, duk don kada mai gida ya yi kiciɓis da mai yi masa aiki. Hawa na takwas da na tara, ƙarƙashin rufi inda zafi da sanyi suka fi tsanani, nan aka ajiye ɗakunan 'yan aiki da wurin wanki. Yau waɗannan ɗakunan an mayar da su sassan zama masu tsada, domin lifta ya juya darajar bene: saman da ake jefa bara a da, shi ake nema yanzu.

Clark bai ga ƙarshen aikin ba. Ya rasu a 1882, ya bar gidan ga jikansa Edward Severin Clark, yaro ɗan shekara 12. Kafin a buɗe ƙofa a watan Oktoba na 1884 an riga an kama dukkan sassan. Waɗanda suka fara shiga ba tsofaffin gidajen dukiya ba ne, 'yan kasuwa ne da suka samu da guminsu, irin su Gustav Schirmer mai buga littattafan kiɗa. Cikin 'yan shekaru gari ya cim ma gidan, ya kewaye shi, manyan benaye suka jeru a gefen lambun suna kwaikwayonsa.

Gidan ya zauna a hannun zuri'ar Clark har 1961, lokacin da mazauna suka saye shi suka kafa kamfani, kowa na riƙe da hannun jari gwargwadon sashensa. Wannan ya zo a kan gaɓa, domin zamani ne na rushe-rushe. A 1963 aka fara rushe tashar jirgin Pennsylvania mai ƙayatarwa, abin da ya harzuƙa mutanen birnin har aka yi dokar kare gine-ginen tarihi a 1965. Dakota ya shiga ƙarƙashin kariyar birni a 1969, ta ƙasa kuma a 1976.

Mawaƙa da 'yan fim sun so gidan saboda sirrinsa. Leonard Bernstein ya zauna a ciki, haka Roberta Flack, haka Lauren Bacall wadda ta shafe shekara 53, aka sayar da sashenta dala miliyan 21 bayan rasuwarta. John Lennon na ƙungiyar Beatles ya tare a gidan da matarsa Yoko Ono a 1973. A daren 8 ga Disamba 1980, suna dawowa daga wurin naɗar waƙa, wani mutum da ya sa wa hannu a faifai da yammacin ranar ya harbe shi a cikin zauren nan da aka gina don kare mazauna daga titi. Lennon na da shekara 40. A tsallaken titi, cikin lambun, an keɓe wuri don tunawa da shi a 1985.

Yanzu kuɗi kaɗai ba sa shigar da mutum Dakota. Sai kwamitin mazauna ya bincike shi ya amince, kuma ya sha mayar da fitattun mutane baya. A 2011 wani attajiri baƙar fata da ya taɓa shugabantar kwamitin ya kai ƙara yana zargin wariya, kotu ta kori ƙarar a 2015. Ina girmama aikin Hardenbergh ƙwarai, domin ya nuna cewa mutane da yawa na iya zama ƙarƙashin rufi ɗaya kowa da sirrinsa da iskarsa da haskensa. Abin da ke damuna shi ne, tsakar gida da taga ta fuska biyu da bango mai kauri ba sai mai miliyoyi ya cancance su ba, amma a New York ta yau shi kaɗai ke samunsu a wannan gida.