Ƙasar Da Ta Gina Birnin Zazzau

Yau za mu ɗan jingine labaran soyayya, mu duƙa mu dubi abin da muke takawa kullum, wato ƙasa. Domin ni a ganina tarihin birnin Zariya ba a cikin jerin sarakuna kaɗai yake ba, har da cikin jar ƙasar da aka ɗebo aka tayar da ganuwa da zaure da masallaci.

To daga ina wannan ƙasa ta samo asali? Duk wanda ya hango dutsen Kufena ya ga uwarta. Irin wannan dutse ne shimfiɗe a ƙarƙashin yankin baki ɗaya. Zafin rana da ruwan damina suka yi ta cin sa shekaru dubbai, wani sashe nasa ya farfashe ya zama tsakuwa da yashi, wani ya ruɓe ya zama yumɓu. Ruwa ya wanke abin da zai iya wankewa ya bar sinadarin ƙarfe, wanda ya yi tsatsa ya ba ƙasar launin ja, inda ya taru da yawa kuma ya daskare ya zama marmara. Daga sama ƙurar hunturu ta riƙa sauka tana lulluɓe ta. Wani Bature, Francis Buchanan, ya ga irin wannan jar ƙasa a kudancin Indiya ana yanka ta ana gini, sai a shekarar 1807 ya laƙaba mata suna daga kalmar Latin mai ma'anar tubali.

Ilimin sanin halin ƙasa da injiniyoyi ke karantawa a jami'a, kamar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, bai wani tsufa ba. A 1911 Albert Atterberg ɗan Suwidin ya nuna yadda ruwa ke juya yumɓu daga tauri zuwa laushi zuwa taɓo. Ɗaya daga cikin gwajin da ake yi har gobe shi ne a murza laka a ga ko za ta kai siririn milimita 3 kafin ta kakkarye. A 1925 Karl Terzaghi ya fitar da littafinsa da aka ɗauka a matsayin tushen fannin. A 1933 kuma Ralph Proctor na Amurka ya bayyana cewa kowace ƙasa tana da adadin ruwan da take so kafin ta daddanne sosai: ya yi kaɗan ba ta haɗuwa, ya yi yawa ta caɓe.

Amma kusan shekara casa'in kafin littafin Terzaghi, a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim (1834 zuwa 1846), Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa da azara, da ginshiƙai da bakan gizo masu ɗauke da rufi. Shi da sauran magina ba su da ɗakin gwaji, hannu da ƙafa suke da shi. Sukan zaɓi birji mai tsakuwa da yumɓu daidai wa daida, domin sun san yumɓu zalla tsagewa yake idan ya bushe, yashi zalla kuwa ba ya kamawa. A jiƙa, a zuba ciyawa, a tattaka, a bari ya kwana biyu, a sake tattakawa, kana a mulmula tubali a shanya. Katanga a yi ta da kauri a gindi, tana sirancewa zuwa sama. Sannan a kare ta daga ruwa: makuba daga kwasfar ɗorawa, laso daga katsin marina, indararo mai jefa ruwan rufi nesa da gindin bango. Ramin da aka haƙi ƙasar kuma ya zama kududdufi, matattarar ruwan unguwa.

A shekarun 1970 aka lulluɓe tsohon masallacin da sabon gini na siminti, akwai kuma kwaikwayonsa a gidan tarihi na Jos.

Abin da ke damuna shi ne duk damina sai mun ji gini ya faɗa wa mutane, mu ce ai ginin ƙasa ne. Alhali laifin namu ne. Mun cike kududdufai da shara mun yi gini a kai, ga shi ƙasar da ba a daddanne ba lotsawa take a ƙarƙashin nauyi, ko da bulo aka yi ginin. Ruwan da ya rasa wurin zuwa ya koma gindin katangu. Mun bar yaɓen shekara-shekara, mun shafe bangon ƙasa da siminti, shi kuwa ya kulle laima a ciki har bangon ya ruɓe. Ganuwa ma an yi ta sassaƙar ta ana ɗibar ƙasa.

Don haka duk mai niyyar gini a cikin birni, kafin ya sayi buhun siminti ko ɗaya, ya tambayi tsofaffin unguwa me ke wurin nan a da, ya kira injiniya ya haƙa ya gwada ƙasar, ya kuma fitar wa ruwa hanya. Allah Ya sa mu gane, amin.