Harafin X a Ingilishi: Tarihin Ma'anoninsa

Harafin x shi ne na 24 a jerin baƙaƙen Ingilishi, kuma yana cikin waɗanda ba a cika cin karo da su a farkon kalma ba. Duk da haka, da wuya a sami harafin da ya kai shi tara ma'anoni. Wannan maƙala za ta bi diddigin ma'anonin, domin nuna cewa ba daga tushe ɗaya suka tsiro ba, ko da yake ƙamusoshi kan jera su ƙarƙashin shigarwa guda.

Asalin harafin daga Girkanci yake. Girkawan yamma sun yi amfani da shi wajen rubuta sautin /ks/, su kuwa na gabas suka ba shi wani sauti mai kama da /k/ mai hura iska. Ta hannun mutanen Eturuska tsarin yamma ya isa ga Rumawa, daga Latin kuma ya shiga Ingilishi, inda furucinsa ya rarrabu: /ks/ a box, /gz/ a exam, /z/ a xylophone. Tsarin gabas ma ya bar saunsa, domin da wannan harafi sunan Almasihu yake farawa a Girkanci. Marubutan coci sun daɗe suna taƙaita sunan da shi, kuma daga nan Xmas ta samo asali. Saboda haka masu ganin an soke sunan Almasihu ne daga kalmar ba su da hujjar tarihi.

Ma'anar da ta fi yaɗuwa ita ce ta "abin da ba a sani ba". A 1637 René Descartes, a littafinsa La Géométrie, ya keɓe haruffan farko, wato a, b, c, ga adadin da aka sani, ya bar x, y, z ga wanda ake nema. Akwai ra'ayin da ke cewa x ɗin ta fito ne daga kalmar Larabci shai'un, wato "abu", wadda malaman aljabara irin su Alkhawarizmi suka yi amfani da ita, har mafassaran Andalus suka rubuta ta da x. Ra'ayin yana da daɗin ji, amma babu rubutun da ya haɗa shi da zaɓin Descartes. Abin da ya tabbata shi ne ma'anar ta fita daga lissafi ta shiga harshen yau da kullum. Lokacin da Wilhelm Röntgen ya gano wani haske mai ratsa jiki a Würzburg ta Jamus a 1895, ya laƙaba masa x domin bai san ko mene ne ba, sunan kuma ya zauna a Ingilishi har bayan an gane shi. A farkon shekarun 1950 Malcolm Little na Amurka ya ajiye sunan da iyayengijin bayi suka ba kakanninsa, ya koma Malcolm X, harafin yana tsaye a madadin sunan zuriyarsa ta Afirka da ya ɓace. A wannan muhalli x tana yin aikin da "wane" da "kaza" suke yi a Hausa, harshen da ba shi da wannan harafi a rubutun boko, har ya mayar da taxi ta zama tasi.

Sauran ma'anonin ba su da alaƙa da sauti. Siffar layi biyu masu gicciye ce ta jawo su. Wanda bai iya rubutu ba yakan zana x a madadin sa hannu, malami yakan soke amsar da ba daidai ba da ita, alhali mai zaɓe a Ingila da ita yake nuna wanda yake so. Alama guda ke nan tana nufin ƙi a aji, tana nufin yarda a rumfar zaɓe. Haka nan alamar ninkawa da William Oughtred ya yaɗa a 1631 ba harafi ba ce tun asali, kuma a 1698 Leibniz ya ƙi ta saboda saurin rikicewa da x ta aljabara. Ita ma X mai nufin goma gadon ƙidayar Rumawa ce dabam.

A Yulin 2023 aka sauya sunan Twitter zuwa X, harafin ya koma sunan kamfani.