Tarihin Haɗa Hanyoyin Sadarwa Tsakanin Hukumomin Ceto a Ƙasar Amurka, 1904 zuwa 2017

Gabatarwa

A duk lokacin da babban bala'i ya auka wa birni, ko gobara ce, ko ambaliya, ko faɗuwar jirgin sama, hukuma ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin ceton jama'a ita kaɗai. 'Yan sanda kan hallara, haka 'yan kwana-kwana da ma'aikatan asibiti, sau da yawa kuwa daga garuruwa dabam-dabam. A irin wannan rana, rayukan mutane kan rataya ne a kan abu guda, watau ko abin da wani ma'aikaci ya gani zai kai kunnen ɗan'uwansa na wata hukuma a kan kari. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin yadda ƙasar Amurka ta yi ta fama da wannan matsala har shekaru fiye da ɗari, domin a nuna cewa rashin yarjejeniya tsakanin hukumomi ya fi ƙarancin na'ura jawo asara.

Gobarar Baltimo

A ran 7 ga Fabrairu, 1904, gobara ta tashi a birnin Baltimo, ta yi ta ci har wajen awa 30, ta cinye gine-gine fiye da 1,500. Garuruwa irin su Washinton da Filadalfiya da Niyok suka aiko da motocin kashe gobara domin kai gudummawa. Amma da suka iso sai aka tarar bakin mesar da yawansu bai dace da bakin famfunan Baltimo ba. Ga ruwa, ga ma'aikata, ga wuta tana ci, amma babu halin haɗawa. Binciken da aka yi daga baya ya gano cewa akwai bakin mesa kimanin iri 600 a faɗin ƙasar, domin kowane gari yakan sayi nasa ne wurin maƙerin da ya ga dama. A 1905 aka tsai da ma'auni guda na ƙasa, sai dai garuruwa da yawa sun yi shekaru masu yawa ba su koma kansa ba, saboda canja kaya yana cin kuɗi.

Zuwan wayar iska

Abin da ya sami mesa shi ne ya sami wayar iska. 'Yan sandan birnin Detroit suka soma aika saƙo zuwa ga motocinsu ta rediyo a 1928, sa'an nan a 1933 garin Bayonne ya fara amfani da na'urar da ake magana a mai da amsa. Da masu buƙata suka yawaita, sai hukumar da ke rabon zangon rediyo ta riƙa ba su gurabe a zanguna dabam-dabam, wannan a ƙasa, wancan a sama, gwargwadon inda ta sami fili a lokacin. Oba-obar da aka ƙera don wani zango kuwa ba ta jin wadda ke wani zangon. Bugu da ƙari, Amurka tana da hukumomin 'yan sanda kimanin 18,000 da na kashe gobara kusan 30,000, kowace da kasafinta da shugabanta. Har kalmomin sirri na lambobi da suke magana da su sun sha bamban, ta yadda lamba ɗaya kan ɗauki ma'ana biyu a garuruwa biyu maƙwabta.

Gyara na farko mai muhimmanci ya fito ne daga jihar Kalifoniya. A 1970 gobarar daji ta yi kwana 13 tana ci a can, ta kashe mutum 16, ta ƙone gidaje fiye da 700. Da aka zauna nazari sai aka ga kowace hukuma ta yi aiki ne da nata tsarin da nata kalmomin. Daga nan aka ƙirƙiro tsarin jagorancin bai ɗaya, wanda ya tanadi cewa a wurin kowane bala'i a kafa zauren umarni guda, a san wanda ke riƙe da ragama, a kuma yi magana da kalmomin da kowa ya sani.

Darasi na biyu ya zo ne ran 13 ga Janairu, 1982, sa'ad da wani jirgin sama ya bugi gada a Washinton cikin dusar ƙanƙara, ya faɗa kogin Potomac, mutum 78 suka rasu. Kimanin rabin awa bayan haka jirgin ƙasa na ƙarƙashin birnin ya kauce daga dogo, mutum 3 suka rasu. Ma'aikatan ceto na birnin da na yankunan kewaye suka kasa jin juna ta rediyo. Wannan ya sa hukumomin yankin suka dukufa wajen daidaita na'urorinsu da yin atisaye tare. A 1989 kuma aka fara wani shiri na ƙasa mai suna Project 25, don tsai da ƙa'idar da za ta sa oba-obar kamfanoni dabam-dabam su riƙa jin juna.

Rana ɗaya, birane biyu

Ranar 11 ga Satumba, 2001, ta gwada waɗannan shirye-shirye a wurare biyu. A Niyok, bayan da aka kai hari kan tagwayen benaye na Cibiyar Ciniki ta Duniya, 'yan sanda suka kafa zauren umarninsu a wuri guda, 'yan kwana-kwana suka kafa nasu a wani wurin. Benen kudu ya rushe da ƙarfe 9:59 na safe. Mintoci kaɗan bayan haka, 'yan sandan da ke shawagi cikin jirgi mai saukar ungulu suka ba da rahoto cewa benen arewa ma ba zai daɗe ba. Wannan labari ya bi ta rediyon 'yan sanda, bai kai ga shugabannin 'yan kwana-kwana ba. Su ma shugabannin sun ba da umarnin a fito, amma wasu daga cikin mutanensu da ke can sama ba su ji ba, wasu kuwa sun ji amma ba su san cewa ɗaya benen ya riga ya faɗi ba, saboda haka ba su gane tsananin gaggawar ba. Benen arewa ya rushe da ƙarfe 10:28. A wannan rana 'yan kwana-kwana 343 suka rasu, da 'yan sandan birni 23, da 'yan sandan hukumar tashoshi 37.

Hukumar binciken da ta fitar da rahotonta a 2004 ta yi taka-tsantsan wajen yanke hukunci. Ta ce matsalar rediyon 'yan kwana-kwana ta taimaka wajen asarar, amma ba ita ce babban dalili ba. Ta kuma nuna rashin jagoranci guda tsakanin manyan hukumomin biyu.

A hedkwatar tsaro ta Pentagon kuwa, kusa da Washinton, inda aka kai hari a wannan safiya, hukumar kashe gobara ta gundumar Arlington ta riƙe ragama bisa tsarin jagorancin bai ɗaya, sauran hukumomi suka shigo ƙarƙashinsa. An sami cunkoso a layukan waya da na rediyo, kuma girman bala'in bai kai na Niyok ba. Duk da haka hukumar binciken ta yaba da aikin, ta danganta nasarar da abubuwa uku: sanayya da amana tsakanin shugabanni, da bin tsarin jagoranci guda, da ɗaukar yankin duka a matsayin abu ɗaya. Shekaru 19 da aka yi ana shiri tun haɗarin 1982 sun yi rana.

Daga murya zuwa bayanai

A 2004 Gwamnatin Tarayya ta mai da tsarin jagorancin bai ɗaya ya zama na ƙasa baki ɗaya, ta kuma ɗaura shi da tallafin kuɗin da take ba jihohi. Aka nemi a bar lambobin sirri a yi magana a fili duk lokacin da hukumomi suka haɗu a kan aiki. Guguwar Katrina ta 2005 ta ƙara tona wani rauni, domin ta karya turakun sadarwa, ta katse wutar lantarki a birnin New Orleans, har na'urorin da suka dace da juna ma suka yi shiru. A wannan shekara kuma ma'aikatar shari'a da ta tsaron cikin gida suka ƙaddamar da wani tsari na musayar bayanai ta kwamfuta, wanda ya daidaita yadda za a rubuta abubuwa kamar suna da ranar haihuwa da lambar mota, don kundin wata hukuma ya karantu a wurin wata.

Hukumar binciken 2004 ta ba da shawarar a ƙara wa ma'aikatan ceto zangon rediyo, amma sai a Fabrairun 2012 aka sa hannu a dokar da ta kafa hukumar FirstNet, aka ware mata dala biliyan 7 da zango na musamman. A Maris na 2017 aka ba kamfanin AT&T kwangilar shekara 25 don gina hanyar, kafin ƙarshen shekarar kuma jihohi 50 duka suka amince su shiga. Hanyar tana ɗaukar murya da taswira da hoton bidiyo, kuma idan layi ya cika, ma'aikacin ceto ake fara ba wa hanya.

Kammalawa

Wannan tarihi ya nuna cewa kowane gyara ya biyo bayan asarar rayuka ko dukiya ne, kuma tsakanin gano ciwo da samun magani akan ɗauki shekaru: 11 daga harin 2001 zuwa dokar 2012, da wasu 5 kafin a ba da kwangila. Nijeriya ma ta ɗauki lamba 112 ta kiran gaggawa, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa kuma ta gina cibiyoyi a jihohi da dama don miƙa kira ga 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da jami'an kiyaye haɗurra da motocin asibiti. Tambayoyin da ke gaban ma'aikacin gwamnati mai tsara kasafi ko mai sa hannu a takardar sayen kaya su ne waɗanda Baltimo da Niyok suka fuskanta: shin na'urar da za a saya tana jin ta hukumar da ke maƙwabtaka, wa zai riƙe ragama idan an haɗu, kuma yaushe aka yi atisaye tare na ƙarshe? Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amsoshin nan kuwa a ofis ake shirya su tun kafin ƙararrawa ta kaɗa.