Daga Fijo 504 zuwa motar da ake sa wa caji: yadda gyara ya fi ƙarfin garejin Kano

Lokacin da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, Kano na ganiyar masana'antu. Bompai ta riga ta kafu tun zamanin Turawa, Sharaɗa da Challawa suna tasowa, motar manajojinsu kuwa Fijo 504 ce. Bakanike kan gane ciwonta da kunne. Aikin mai riwaya bai wuce batir da kik da fitilu ba, safaya kuma tana Ƙofar Ruwa.

Tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, 'yan Kwatano suka cika tituna. Tun daga 1996 Amurka ta wajabta tsarin OBD-II ga motocinta, don haka da suka iso nan sai gyara ya koma hannun mai kwamfuta. Garejojin Ɗorayi sun koyi wannan, a hankali dai, da kuɗin masu mota.

Mota mai haɗa fetur da lantarki wani sabon babi ne. Toyota ta fitar da Prius a 1997, Lexus ta kai fasahar ga motocin alfarma da RX 400h a 2005, sannan Porsche da Mercedes suka kawo waɗanda ake jona wa caji a 2013 da 2014. Ba su ɗauki hankalin mutanenmu sosai ba sai bayan 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Tinubu ya janye tallafi, litar mai ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500.

Lissafin tsimin mai daidai ne; na gyara ne ba a cika yi ba. Babban batirin irin waɗannan motoci yana ɗauke da bolt 300 zuwa 400, shi ya sa ake rufe wayoyinsa da launin lemo: yaron gareji da ya taɓa su da ganganci zai iya rasa ransa. Batirin litiyom ba ya jituwa da zafi, alhali watan Afrilu a Kano kan haura digiri 40. Ga kuma abin da kaɗan suka sani. Kwamfuresar esi ta lantarki tana buƙatar mai na musamman wanda wuta ba ta bi ta cikinsa. Mai esi ya zuba na yau da kullum, motar ta ga wuta na zurara, ta ƙi tashi, a shiga canza lafiyayyun kaya ɗaya bayan ɗaya. Wayar cajin da ke zuwa da motocin Amurka ma galibi ta bolt 120 ce, soket ɗinmu kuwa 230, ballantana wutar janareto mai hawa da sauka.

Inbata ko na'urar caji ba a kwance su a gyara kamar kafireta. Dungurungum ake sauyawa, da dala, sau da yawa sai an daidaita su da manhajar kamfani. Dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 a farkon 2023 ta zarce 1,500 a 2024. A Afrilun shekarar aka kai kuɗin wutar rukunin Band A naira 225 kowane yunit. Matsalar wutar da ta taimaka wajen rufe masaƙu da majemu a Sharaɗa da Challawa ita ce dai ke jiran mai wannan mota a gida, idan dare ya yi zai sa caji.